Shekarar da Na Sa Aka Goge Muryar Babanku

Ni ban san baƙi ba, don haka Malama Sa'a mai koyar da matan aure ce ke riƙe da biro a madadina. Na ce mata duk inda na tsaya ta karanto mini abin da ta sa, domin na ga abin da ke faruwa da maganar mutum in ta bar bakinsa ta shiga hannun wani. Ku 'ya'yana da jikokina kun sha jin labarin shekarar da babanku ya rasu, kowa yana faɗin inda ya fi masa sauƙi. Ni na yi abin, saboda haka daga bakina ya kamata ku ji shi.

Kun san yadda ƙasa take a nan wajenmu kusa da Zakirai. Babu daji, babu fili na banza. Gonar wannan na jingine da ta wancan, tsirin gamba kawai ke raba su, kuma a kan taki ɗaya na ƙasa 'yan'uwa sukan daina gaisawa. A ƙarshen gonar gidanmu akwai wani yanki mai tsawo, daga gindin ɗorawa zuwa bakin kwari. Wannan ce gayaunata. Malam ya nuna mini ita shekarar da na yaye ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, Babba nake ce masa. Abin da ya faɗa a ranar bai wuce, “Ga inda za ki riƙa sa gyaɗarki,” ba. Fiye da shekara arba'in ina nomanta, gyaɗa da kuɓewa da yakuwa, wata shekarar har riɗi. Duk kwanon da ke ɗakin 'ya'yana mata daga can ya fito. Ba ni da abin da zan nuna in ce nawa ne ni kaɗai a duniya sai wannan wuri.

Autata Bilkisu ita ce ta yi karatun kwamfuta a Kano. Da ta gama ta zauna wajen yayarta a Ungogo, ita da ƙawayenta biyu suna haɗa wasanni na cikin waya. Na daɗe ban yarda wannan sana'a ce ba. Farkon daminar shekarar da babanku ya rasu ta zo da jaka a bayanta, ta ce za ta yi wata uku a gida, akwai wasan da take son haɗawa a gonar babanta. Da na tambaye ta wane irin wasa ne ake yi a gonar mutane, sai ta ɗaga wayarta ta saita turmina, ta ce in duba. Na duba, ga turmina a cikin waya, ga tsakar gidana, ga kuma zabuwa a tsaye a bakin turmin tana waige-waige. Na ɗaga kai na kalli turmin, babu komai. Na sake duban wayar, tana nan.

“A'uzu billahi! Bilkisu, me kika shigo mana da shi gida?”

“Zane ne, Inna. Ni na zana ta. Wayar tana ganin turmin, sai ta ɗora ta a kai.”

Malam yana zaune a kan buzu yana gyaran ƙotar fartanya, ya yi dariya har da tari.

“Kama ta ki yanka mana mana, tunda ta shigo da ƙafarta.”

Ta yi mana bayani. Yaro zai shiga gona da waya, ya ga gonar yadda take, amma a cikin wayar tsuntsaye na sauka a kan gero, awaki na kutsowa, shi kuma yana gudu yana korarsu. A gindin kowace bishiya wani tsoho mai malafa zai fito ya koya masa wani abu na noma. Ta ce yaran birni ba su san gero daga dawa ba, su take yi wa. Da ta fita na ja Malam gefe. A lokacin nan dillalan filaye sun fara shigo mana daga birni, kuma su ma haka suke yi, su tsaya a bakin gona su ɗaga waya. Na ce masa ya yi hankali, yarinyar nan ba ta da mugunta, amma ba mu san waɗanda ke bayan ƙawayenta ba, ba mu san inda hoton gonarmu zai kwana ba.

“Ke dai ko kaza ta yi tari sai kin ce aiko ta aka yi,” in ji shi. “'Yarki ce fa.”

Haka suka yi daminar nan su biyu. Kullum da hantsi tana bin sa. Kowace bishiya sai ta zagaye ta tana ɗauka ta kowane ɓangare, ta ce sai wayar ta san bishiyar kamar yadda mutum ke sanin fuskar maƙwabcinsa, in ba haka ba tsohon zai fito yana lilo a iska. Wani lokaci ta dawo tana mita, wai inuwa ta rikita mata wayar, sai ta koma da la'asar. Tsohon cikin wasan zane ne, amma murya ta babanku ce. Wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino take maƙala masa a wuyan riga, ya yi ta magana yana aiki, yadda ake huɗa, yadda ake gane ruwan da ya isa shuka, abin da babansa ya gaya masa a kan kowace kusurwa. Mutumin da a gida sai ka ja shi da magana, a gona ashe bakinsa ba ya rufuwa. Wata safiya ta ce masa dole wasan ya san iyaka, don kada yara su bi tsuntsu su faɗa shukar maƙwabta. Ta sa masa wayar a aljihu ya taka iyakar gonar da ƙafarsa, tana biye. Ni ranar ina gida, gwiwata ta hana ni fita. Sau nawa na ce da ma na rarrafa na je.

An yanke gero, dawa ba ta nuna ba, zazzaɓi ya kwantar da Malam. Kwana shida. A rana ta bakwai da walaha ya cika, kansa a kan cinyata. Shekara hamsin ba ɗaya muna tare, bai taɓa cin abinci bai rage mini loma a gefen kwano ba. Malama, dakata kaɗan. To, rubuta. Har yau in aka yi sallama a zaure da irin tsayin muryarsa sai na miƙe kafin in tuna.

Ranar sadakar arba'in gida ya cika, ni ina ɗaki ina takaba. An riga an girbe dawa, gonaki sun zama fili. Jikoki suka dami Bilkisu sai sun ji muryar kakansu, ta ɗauke su ta tafi da su gona bayan azahar. Kafin la'asar na ji su sun dawo ta cikin gari suna tsalle suna rera wata magana kamar waƙa, yaran unguwa suna amsa musu. Da suka shigo tsakar gida na ji abin da suke cewa.

“Dawo, yaro, dawo! Nan ba namu ba ne, aro ne!”

Na kira babbar cikinsu na tambaye ta wannan wace waƙa ce.

“Kaka ne yake faɗa, tsohuwa. In ka wuce ɗorawa sai ya fito ya ɗaga hannu ya ce ka dawo, nan na gidan Ilu ne, aro ne. Mu kuma sai mu ƙara wucewa don ya sake faɗa.”

Malam Ilu shi ne maƙwabcinmu na gona ta wajen kwari. Kuma abin da ke bayan ɗorawa gayaunata ce. Saura kwanaki a zauna rabon gado, kowa ya san a nan za a fitar mini da tumunina, kason matar mamaci, kuma ga shi rabin gari ya ji daga bakin yara cewa mamacin da kansa ya ce wurin ba nasa ba ne. Babba ya shigo ɗakina ko takalmi bai cire daidai ba. Ya ce shi a gidan nan aka haife shi, bai taɓa jin zancen aro ba. Ya ce yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar mutum ta faɗi abin da bai faɗa ba, a rediyo ya ji. Ya kuma tuna mini cewa Sabo ɗan Malam Ilu dillalin filaye ne, kuma sau biyu an ga ya ɗauko Bilkisu a babur daga Zakirai. Ni ma na san da wannan. A lokacin na ɗauka taimako ne. Yanzu sai na fara jera abubuwa. Me ya sa sai gonarmu? Me ya sa sai an taka iyaka? Me ya sa sai ranar da ba na nan? Me ya sa ta bari sai ranar da gari ya taru? Washegari Malam Ilu ya zo ya ƙara yi mini gaisuwa daga bakin ƙofa, ya yi addu'a mai tsawo ya tafi, bai ce uffan a kan gona ba. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali. Na ce a raina, wanda ya riga ya shirya ne kawai ke yin shiru haka.

Na sa aka kira mini Bilkisu, Babba yana tsaye a bakin ƙofa.

“Wa ya sa ki?”

“Sa ni me, Inna?”

“Kada ki mai da ni yarinya. Sabo ne, ko uban nasa?”

Ta ce ranar da ita da babanta suka taka iyaka, da suka iso ɗorawa, ita ta miƙe za ta gangara kwari, shi kuma ya kira ta ya ce ta dawo. Abin da ya faɗa mata kenan, ita kuma ta ga ya dace da wurin, ta yanko shi ta sa a wasan. Ta ce ta ɗauka kowa a gidan ya sani. Ta ce ya ƙara da cewa babansa ne ya ara daga baban Malam Ilu shekarar da suka yi yawa a gida.

“Inna, ke da kanki, kin taɓa tsinkar ɗorawar nan? Ba matan gidan Malam Ilu ke zuwa su kaɗe ta duk bazara ba?”

“Bishiya daban, ƙasa daban,” in ji Babba. “Ko yaro ya san wannan. Ke da kika yi boko za ki koya mana gonar ubanmu?”

“Yaya, ban koya maka komai ba. Ga shi nan, ku saurara. Ba guntun ba, duk maganar tun daga farko. Inna, ke kin fi kowa sanin muryarsa.”

Ta ciro wayar ta miƙo. Na juya fuskata bango, na ce ba zan saurari ƙarya da bakin mijina ba. Ta ce to za ta cire wannan maganar kaɗai, ta mayar da iyakar har kwari, aikin minti kaɗan ne. Na ce a'a. Wanda ya iya sa magana ɗaya ya iya ɓoye goma, gobe a fito da wata a gaban mai unguwa. Na ce duka za ta goge, wasan da muryar da hotunan, komai.

“Inna, damina guda ce fa. Ba ni kaɗai ba ce, mu uku muka yi aikin. Kuma babu muryar Baba a ko'ina sai nan.”

“In ni na haife ki, ki goge.”

Ban taɓa faɗa wa ɗa wannan kalma ba sai ranar. Ta zauna a ƙasa ta buɗe kwamfutarta. Babba ya tsaya a kanta, ya ce har da wanda suke ajiyewa a can inda ba a gani, ya san da shi. Ta goge na waya, ta goge na kwamfuta, ta goge wancan. Ta kira ƙawayenta ta buɗe murya muna ji, ta ce su goge abin da ke hannunsu, kada su tambaye ta dalili. Ɗayar ta yi ta cewa, “Bilki, kin haukace ne? Saura mako biyu mu nuna shi fa.” Ita dai cewa take, “Ku goge, Inna ce ta ce.” Ba ta yi kuka a gabana ba. Da ta gama ta rufe kwamfutar ta ce, “Shi kenan, Inna,” ta tashi ta ɗora mini ruwan alwala.

Ranar rabo mai unguwa ya aika aka kira Malam Ilu, tunda magana ta riga ta zaga gari. Babba ya tafi da shirin faɗa, har da tsofaffi biyu da za su shaida sun tashi sun ga ina noman wurin. Shi ya dawo ya ba ni labari. Ya ce da aka tambayi Malam Ilu ko yana da magana, cewa ya yi shi bai kawo ƙarar kowa ba. Babansa ya mutu, baban Malam ya mutu, Malam ya bi su, shi kuma ba shi da takarda ba shi da shaida, ba zai tsaya jayayya da mace mai takaba a kan waƙar yara ba. Ya ce Allah ya san na kowa, ya sa takalminsa ya fita. Aka ba ni gayaunata a tumunina. Babba yana murna yana cewa ai ga shi, da suna da gaskiya da sun tsaya. Ni ma haka na ce. Har na ƙara da cewa Sabo ne ya ga asirinsu ya tonu ya ce wa uban ya janye.

Bilkisu ta koma Ungogo. Ƙawayen nan sun rabu da ita, na ji ɗayar ta ci gaba da haɗa wasanni da wasu mutane. Ita ta samu aiki a wani kamfani tana shigar musu da lissafin kaya a kwamfuta, ba ta ƙara zana ko zabuwa ba. Ba ta yanke ƙafa ba. Duk wata tana zuwa, ta kawo mini sabulu da maganin gwiwa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi mini wanki. Amma in za ta shigo ɗakina sai ta bar wayarta a jaka a tsakar gida. Sabo kuwa ya yi aurensa a wani gari, kuma babu dillalin da ya taɓa zuwa ya tsaya a bakin kwarin nan. Na jira, na sa ido damina uku, ban ga abin da nake jira ba. Na ci gaba da sa gyaɗata, tana kuma yin kyau. Malam Ilu in ya wuce ya ce, “Sannu da aiki, Inna Tabawa,” ni kuma in bi bayansa da kallo ina neman abin da ke ƙarƙashin gaisuwar.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne wannan. A shekara ta biyu na fara rasa muryar Malam. Maganganunsa suna nan, na san abin da yakan ce in miya ta yi gishiri, na san yadda yake kiran awaki. Amma in na so in ji su a kunnena, sai su zo da muryata ko ta Babba. Na yi ta ƙoƙari a kan sallaya har kaina ya yi ciwo. A nan ne na tsaya na tambayi kaina abin da ya sa na juya fuskata bango ranar nan. Ba don ina tsoron jin ƙarya ba ne. Na'ura ba za ta ruɗe ni a kan mutumin da na yi shekara hamsin ina jin numfashinsa ba. Da na saurara, kafin ya kai ƙarshen kalma ta uku na gane ko shi ne. Abin da na guje wa kenan. Kuma in shi ne, to ya bar ni shekara arba'in ina taƙama da ƙasar aro bai gaya mini ba, wataƙila don ya ga yadda nake son ta, wataƙila yana cewa gobe. Na gwammace in tuhumi 'yata mai rai da in tuhumi mijina da ke kabari.

Duk da haka zargi bai bar ni ba, sai dai ya sauya wuri. Na fara cewa a raina, yarinyar da ta san kwamfuta haka, ai ba za ta goge komai da komai ba. Babba me ya sani? Ta nuna masa abin da take so ya gani ne kawai. Tabbas akwai wani ɗan abu da ta ɓoye a ƙasan akwati, ko wajen ƙawar nan mai tsiwa. Watanni ina kallonta in ta zo, ina neman alamar mai ɓoye abu, kuma a karon nan addu'a nake yi Allah ya sa ta cuce ni. Daminar bara, ranar wata Juma'a da hantsi, muna zaune muna ɓarar gyaɗar iri, na kasa daurewa.

“Auta.”

“Na'am, Inna.”

“Ba zan yi faɗa ba, wallahi ba zan yi ba. Wanda kika ɓoye, ki sa mini in ji. Ko kaɗan ne. Ko inda yake kiran awaki.”

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Na ga idonta ya kawo ruwa, abin da bai yi ba ranar da ta goge.

“Inna, cewa kika yi in ke kika haife ni. Ban rage komai ba. Ban taɓa yi miki ƙarya ba.”

Na yi kuka ranar kamar ranar da aka fita da Malam. Ita ce ma take rarrashina. Gyaɗar irin nan ban shuka ta a bayan ɗorawa ba. Washegari Asabar na sa Babba ya raka ni, yana gunaguni tun daga zaure har ƙofar gidan Malam Ilu, na tsaya da sandata na ce masa na kawo masa gonarsa, a kira mai unguwa ya ji. Ya ce in ci gaba da nomawa har ƙarshen raina, shi bai nema ba. Na ce a'a, na ci abin da ya isa. Saboda haka ku sani, daga ɗorawa zuwa kwari ba ya cikin abin da zan bari, kada wani ya tashi bayana ya ce tsufa ne ya ruɗe ni. Kuma duk wanda ya taɓa cewa Bilkisu ta haɗa baki da wani a kan ƙasar ubanta, daga bakina ya ɗauka, ya je ya nemi gafararta kamar yadda na nema.